Tambayi Likita: Man Kaɗe, Ƙaro Da Man Kariyar Rana

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da bazara ta kama, yawancin saƙonnin da ke shigo mini kan fata da rana suke. Na zaɓi guda shida. Ta farko ta ja ni da nisa, don amsarta ce ta buɗe hanyar sauran.

Daga wata mai haɗa mayukan shafawa a Kano: Likita barka da aiki. Ina haɗa man shafawa a gida ina sayarwa, kuma masu sayen kayana sun matsa mini da tambayar sanskirin, wato man kariyar rana. Na sayi garin zink oksaid, ina so in kwaɓa shi da man kaɗe da man kwakwa. Wata ƙawata ta ce sai na sa emalsifaya, wai kuma wanda aka samo daga tsirrai yana ƙara wa man ƙarfi. Mene ne shi? In na sa, haɗin nawa zai yi?

Barka kadai Malama, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Akwai gaskiya a maganar ƙawarki, amma duk da haka ina roƙonki kada ki sayar da wannan haɗin da sunan man kariyar rana. Bari in yi miki bayanin dalili.

Mai da ruwa ba sa shiri, kowace mai girki ta ga yadda manja ke tasowa saman miya. To amma dubi madarar shanu. Akwai mai a cikinta, ga shi ba kya ganinsa, saboda ya rarrabu ƙanana-ƙanana, kowane ɗigo kuma yana sanye da wata 'yar riga da ke hana shi haɗewa da ɗan'uwansa. Sai an kaɗa nono da ƙarfi rigar ta yage, sannan man shanu ya dunƙule ya fito. Abin da ke yin aikin rigar nan shi ne emalsifaya, ni kuwa masasanci nake ce masa. Ƙwayarsa gefe biyu gare ta, ɗaya na son ruwa, ɗaya na son mai, sai ta tsaya a tsakani ta riƙe kowa. Duk wani kirim ko loshan da kika taɓa shafawa, da shi a ciki.

Na tsirrai da na halitta suna da yawa. Akwai lesitin, wanda ake samu a waken suya da gwaiduwar ƙwai. Shi ne ke riƙe mayonis. Akwai waɗanda ake yi ta hanyar haɗa gilisarin ko sukari da sinadaran maiƙo na kwakwar manja, zaitun ko zurma. Wani ɗan gidan zurma ma a cakulan ake zuba shi. Akwai kakin zuma, wanda shi kaɗai bai cika riƙewa ba sai da mataimaki. Sannan ga namu na gida, ƙaron dakwara, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa, Chadi da Najeriya na biye da ita, ana kuma tara shi a Jigawa, Yobe da Borno. Kamfanonin lemon kwalba da shi suke hana man ƙamshi tasowa saman lemo. A kayan shafawa ya fi aikin daidaita haɗi da taimaka masa ya kwanta a fata.

Sai dai ki riƙe wannan da kyau: masasanci ba ya tare hasken rana. Masu tarewa daban suke, irin zink oksaid da titaniyam dayoksaid, da kuma wasu sinadarai da ke narkewa a mai kamar afobenzon. Ƙarfin da ƙawarki ta ce yana ƙarawa, ta hanyar shimfiɗa su yake zuwa.

Fatar mutum ba shafaffiya ba ce. Da za ki duba ta da madubin ƙara girma, tudu da kwari za ki gani. Man da bai haɗu da kyau ba sai ya gangara cikin kwarin ya bar tudun a tsirara. Kamar rufin soro ne: ko an labta ƙasa mai kauri ko'ina, inda aka yi sakaci ta nan ruwa zai bi, kaurin sauran wurin ba zai hana yoyo ba. Shi ya sa za a iya zuba sinadarin kariya daidai wa daida a kwalabe biyu, a gwada, ɗaya ta fi ɗaya nesa ba kusa ba. Bambancin a shimfiɗa yake. Haɗin da aka ɓoye ɗigon ruwa a cikin mai, wato mai ne a waje, yakan fi kwanciya bai ɗaya kuma ya fi jure zufa, ko da yake ya fi nauyi a fuska. Wanda aka ɓoye ɗigon mai a cikin ruwa ya fi daɗin shafawa, amma zufa ta fi saurin kwashe shi in ba a ƙara masa abin da zai manne shi ba. Masasantan da ake yi daga gilisarin da man tsirrai sun yi fice wajen irin na farkon, shi ya sa kamfanoni ke rububinsu.

Garin zink da kika saya kuma yana da nasa halin: ƙwayoyinsa son dunƙulewa suke yi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san in ba a sa ƙaro a tawada ba, baƙin kwanciya yake yi a gindin kurtu, ruwa tsararo ya rage a sama, rubutu ya fito wani wuri baƙi wani wuri dishi-dishi. Haka zink yake a cikin man kaɗe. Idonki zai nuna miki ya gauraya sumul, alhali gudaji ne da filaye a tsakaninsu, rana kuwa ta filayen take shiga. A masana'anta sai an sa sinadarin da ke raba ƙwayoyin, sau da yawa daga man zurma ake samo shi, sannan a bi da injin da ke murza haɗin da ƙarfin da bilendar kicin ba ta da shi.

Bayan duk wannan ma ba a rubuta lamba a jikin kwalba da ka. Lambar SPF, wadda ke nuna ƙarfin kariyar man, gwada ta ake yi a gadon bayan mutane aƙalla 10: a shafa miligiram 2 a kowace murabba'in santimita na fata, a haska fitila ta musamman, a auna yawan hasken da ake buƙata kafin fatar ta yi ja, a kwatanta da inda ba a shafa ba. Ke ba ki da hanyar sanin ko naki ya kai 30 ko bai wuce 4 ba. Matar da ta saya kuwa za ta shiga rana da ƙwarin gwiwa, tana ganin a kare take. Wannan ya fi rashin shafawar haɗari, don wadda ta san ba ta shafa komai ba inuwa take bi. Ga kuma batun lalacewa: da zarar ruwa ya shiga haɗi, ƙwayoyin cuta sun sami gida, lesitin da ƙaro ma abinci ne a wurinsu, dole sai da sinadarin adanawa da aka auna.

Man kaɗe shi kansa yana da ɗan sinadarin da ke shanye kaɗan daga cikin hasken, amma kaɗan ɗin bai kai a dogara da shi ba. Man kwakwa ma haka. Su biyun suna da kyau ƙwarai wajen laushin fata da maganin kaushi lokacin hunturu, ki ci gaba da sayar da su da wannan sunan, ba abin kunya a ciki. In kuma zuciyarki na kan man kariyar rana, hanyar ita ce ki haɗa kai da masana'antar da ke da ɗakin gwaji, a gwada, a yi rajista da NAFDAC. Ina fatan ganin ranar da man kaɗenmu da ƙaronmu za su shiga irin wannan kwalbar a nan gida, maimakon a kwashe su ɗanye a dawo mana da su da tsada.

Daga wani mai shagon kayan kwalliya a Maraɗi: Likita, wasu kwalaben sanskirin da ke shagona in an matsa sai ruwa-ruwa ya fara fitowa, daga baya mai kauri ya biyo. In an girgiza, za a iya amfani da su?

A'a Alhaji, a zubar. Abin da ka gani alama ce masasancin ya saki, mai ya koma gefensa ruwa ya koma nasa, sinadarin kariyar kuma ya taru wuri guda. Girgizawa da hannu ba ta mayar da shi yadda yake. Akwai dai wasu masu ruwa-ruwa tun asali da aka rubuta a jikinsu a girgiza kafin a shafa, waɗannan daban ne. Zafi ne babban mai jawo wannan, kuma ka san yadda shagon kwano yake a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Ka ɗauke su daga gaban gilashi da kusa da rufi, ka sa su ƙasa-ƙasa inda iska ke ratsawa. Ka kuma riƙa gaya wa masu saye kada su bar kwalba a cikin mota. Wanda warinsa ya sauya, ko launinsa, ko ranar ƙarewarsa ta wuce, shi ma hukuncinsa ɗaya.

Daga wata uwar 'ya'ya uku a Zariya: Likita, tun cikina na biyu baƙin tabo ya fito mini a kumatu da goshi. Na shafa man bilicin, ya washe, da na daina ya dawo ya fi da. Yanzu lemon tsami nake gogawa. An ce in sayi man kariyar rana, amma ni baƙa ce, me rana za ta yi mini? Wanda na gwada ma fuskata furu-furu ta yi kamar na shafa toka.

Sannu 'yar'uwa, na san yadda abin nan ke damun mace. Ki fara da ajiye lemon tsamin yau. Akwai sinadari a ruwansa da ɓawonsa wanda in ya haɗu da rana yake ƙona fata, ya bar tabon da ya fi wanda ake son gogewa. Wannan ma ya isa ya nuna cewa kasancewar abu daga itace ba ya nufin ba ya cutarwa.

Gaskiya ne baƙar fata tana da tata garkuwar, har an ƙiyasta ta kusan SPF 13, shi ya sa ba mu cika ƙonewa ba kuma sankarar fata ta rana ba ta yawa a cikinmu. Amma ƙwayoyin da ke ba mu wannan launin masu saurin fushi ne. Sauyin sinadaran jiki lokacin goyon ciki ko shan ƙwayar tazarar haihuwa ya zuga su, rana kuma ta ƙara musu wuta. Duk maganin da za a ba ki, in ba a tare rana ba, tabon dawowa zai yi. Man bilicin kuwa ya ƙara dagula lamarin: masu sitiroyid suna sirantar da fata, masu haidirokwinon in an daɗe a kansu suna iya barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar fita, wasu ma da makuri a ciki, mai taɓa ƙoda. Ki je likitan fata ya duba ki, ki tafi masa da kwalaben da kika yi amfani da su.

Wajen saye, ki nemi SPF 30 zuwa sama. Cikin kashi 100 na hasken UVB mai ƙuna, SPF 15 yana barin kusan 7 su wuce, 30 yana barin 3, 50 yana barin 2. Amma lambar ba ta ce komai ba kan UVA, wani ɓangaren hasken rana wanda ya fi nutsawa cikin fata, yake ratsa gilashin taga, yake kuma da hannu dumu-dumu a tabo da tamoji. Don haka ki duba ko an rubuta UVA a cikin da'ira, ko PA da alamar tarawa uku ko huɗu. Ga mai irin tabonki na fi son mai launi, irin wanda ke kama da hodar ruwa. Launin daga sinadarin ƙarfe yake, yana tare har hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo a fata irin tamu. Kuma shi ne maganin furu-furun da kika yi kuka da shi. Farin nan daga zink ko titaniyam yake, ya kuma fi muni in ƙwayoyin ba su rarrabu da kyau ba.

Yawan shafawa ma ana kuskure a kansa. Yawancin mutane rabin abin da ake buƙata suke sawa, ko ma ƙasa da haka. Fuska da wuya suna son kusan rabin cokalin shayi, ko ki ja layi biyu tsawon yatsunki biyu. Ki shafa minti 15 kafin fita, ki sabunta bayan awa biyu in kina waje, ko bayan kin wanke fuska. Hijabi da lema suna taimakawa sosai, kada ki raina su.

Daga wani dattijo mai shirin Umara, Kumasi: Likita, 'yata ta saya mini man kariyar rana don tafiya. Na ji an ce ana sa kitsen dabba a irin waɗannan mayukan. Kuma ya dace da mai harami?

Allah Ya kai ku lafiya Baba, Ya karɓi ibada. Abin da ka ji yana da tushe. Wasu masasanta ana yin su da gilisarin da sinadarin maiƙo wanda za a iya samo shi daga kitsen dabba ko daga kwakwar manja, kuma sunan da ake rubutawa a jerin kayan haɗi iri ɗaya ne, ba ya nuna asali. Yau yawancin kamfanoni na tsirrai suke amfani da shi. In kana son kwanciyar hankali, a nemi wanda ke da tambarin halal, ko wanda aka rubuta ba kayan dabba a cikinsa. A nan kam masasanci na tsirrai ya yi rana.

Batun harami, abin lura shi ne ƙamshi, don mafi yawansu da turare a ciki. A sayi wanda aka rubuta ba shi da ƙamshi, a kuma shinshina a tabbatar. Hukuncin shafa mai ga mai harami, da na alwala a kan man da ke jure ruwa, malaminku ne zai yi muku bayani; abin da zan ce a ɓangarena shi ne irin mai jure ruwan yana barin wani siririn rufi a fata wanda sabulu ke cirewa. Ka kula da kafaɗa, ƙeya, kunnuwa, bayan ƙafa da tsakar kai in gashi ya ja baya, don wuraren nan sun saba da riga da hula, ranar Makka kuma za ta same su a buɗe. Ka riƙe lema, ka yawaita shan ruwa. In kana shan maganin hawan jini mai sa fitsari ko maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna doksisaikilin, ka gaya wa likitanka kafin tafiya, suna sa fata saurin ƙonewa.

Daga wata mai jego a Jos: Jaririna wata uku, zan iya shafa masa? Kuma ba ya hana samun bitamin D?

Kada ki shafa masa sai ya kai wata shida. Kafin nan inuwa, riga mai sauƙi da hula sun ishe shi, kuma in kin goya shi ki lura da kansa da ƙafafunsa da ke leƙowa. Game da bitamin D, yadda mutane ke shafa man a zahiri ba ya hana jiki samun abin da yake buƙata. Waɗanda suka fi fuskantar ƙarancinsa su ne masu wuni a ɗaki ba sa ganin rana sam. In kina cikinsu, ki yi wa ma'aikatan asibiti maganar ranar rigakafi.

Daga wani mahaifi a ƙauyen Katsina: Likita, Allah Ya ba ni ɗa zabiya, shekararsa tara. Wuyansa da hannuwansa duk sun yi kaushi da ɗigo-ɗigo, kuma akwai wani ƙurji a saman kunnensa da ya fi wata biyu bai warke ba. Mun hana shi cin gishiri kamar yadda aka ce. Man kaɗe muke shafa masa, na kanti ya fi ƙarfina. Me zan yi?

Malam, Allah Ya raya shi Ya albarkace shi. Na ajiye tambayarka a ƙarshe don ita ta fi tsaya mini a rai. Duk abin da na faɗa a sama, ga wasu batun kyan fata ne, ga ɗanka batun rai ne.

A ba shi gishirinsa, ba ruwan gishiri da ɗigon nan. Rana ce. Zabiyanci gado ne da ke zuwa ta uwa da uba duka biyu, jiki ba ya iya yin launin da ke kare fata da ido, ba laifin kowa ba ne kuma ba a ɗaukarsa. Tunda garkuwar babu, duk ranar da ta taɓa shi tana barin ɓarna, ɓarnar na taruwa shekara da shekaru. Kaushin nan mai kama da ɓawo shi ne gargaɗin farko, daga cikinsa sankarar fata ke tasowa, kuma ita ce babbar mai kashe zabiyoyi a ƙasashenmu tun suna da ƙuruciya. Na taɓa karɓar wani saurayi manomi da ciwo ya cinye masa kunne. Ya ce da ƙaramin ƙurji ya fara, ya yi shekara biyu ana sa masa magani a gida. Da ya zo a watannin farko, aikin 'yan mintoci ne. Har yau ina tuna shi.

Man kaɗe zai tausasa masa fata amma ba zai kare shi ba, kuma kada wani ya sayar maka da haɗin gida a ce na rana ne. Shi SPF 50 yake buƙata, mai kare UVA, mai jure zufa, kowace rana har da ranar hadari da ranar ƙurar hunturu, don hasken na ratsa su. Na san da tsada. Shi ya sa tufafi ne kariya ta farko, mai ya zo ya cike inda tufa ba ta kai ba. A ɗinka masa riguna masu dogon hannu da wuya, da dogon wando, da yadi mai saƙa a matse. Ka ɗaga yadin ka kalli rana, in haske na ratsowa sosai ka canza. Mai duhu ya fi fari karewa. A sa masa malafa mai faɗi da za ta rufe kunne da ƙeya, hular da muka saba sawa ba ta yin wannan aikin. In an yi haka, wurin da ya rage a shafa shi ne fuska, leɓe, kunne, wuya, bayan hannu da ƙafa, kwalba ɗaya sai ta daɗe. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nema masa abin yi a inuwa. Kiwo da gona da tsakar rana ba nasa ba ne, a tsaya masa kan karatu, a roƙi malaminsa ya zaunar da shi gaban allo saboda raunin gani, a kuma kai shi a auna masa tabarau.

A Tanzaniya, cibiyar horar da likitocin fata da ke Moshi tana haɗa man kariyar rana mai suna Kilisun musamman don zabiyoyi, ana raba musu kyauta. A nan ma ƙungiyoyin zabiyoyi da wasu sassan kula da fata na manyan asibitoci sukan raba, musamman wajen 13 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu. Ka tambaya a asibiti a haɗa ka da ƙungiyar da ke jiharku, ka yi masa rajista.

Amma kafin komai, ƙurjin kunnen nan. Duk ciwon da ya wuce mako huɗu bai warke ba a jikin zabiya, ko yana jini, ko yana ɓawo yana dawowa, ido na likita yake so. Kada a sa masa toka, kada a ƙona, kada a jira kaka. Ka kai shi babban asibiti cikin makon nan, ka ce a tura ku wurin likitan fata, a duba shi daga kai har ƙafa. Bayan nan a riƙa maimaita dubawar duk wata shida, ko da ba ya kukan komai.